Da Ni Ne a Kujerar: Amsa Kan Sa'a, Lokaci da Adalcin Allah

Tambaya: Malam, wata bakwai ke nan da muka yi hatsarin mota ni da ƙanena. Minti biyar kafin abin ya faru mun tsaya a hanya, ya ce in ba shi gefen taga yana jin jiri, na koma tsakiya. Babbar mota ta shigo hannunmu ta buge wannan gefen. Nan take ya cika, ni kuwa ƙwarzane kawai na samu. Direban yana nan yana harkokinsa, an kashe maganar. Kowa ce mini yake ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma na yi karatun kimiyya, kuma zuciyata tana ce mini sa'a ce kawai, minti biyar da taku ɗaya. In sa'a ce, rayuwa ba ta da ma'ana. In kuma an rubuta tun kafin a haife mu, ina adalcin? Wallahi ya fi ni kirki.

Amsa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan ƙanenka, ya haskaka makwancinsa, ya ba ka da iyayenku haƙurin wannan rashi. Ɗan'uwana, sau uku na karanta saƙonka kafin na fara amsawa, domin na ga ciwo ne yake magana. Kada wani ya sa ka ɗauka tambayar nan raunin imani ce. Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, da aka ce masa ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, so yake zuciyarsa ta natsu. Na daɗe ina karantar da tauhidi da tarihin falsafa, kuma ɗaliban da na ga sun fahimci babin ƙaddara da gaske su ne waɗanda rayuwa ta taɓa matse su har suka yi irin tambayarka.

Zan fara da kalmar da ka riƙe, wato sa'a. Daga Larabci muka aro ta, kuma kaya uku take ɗauke da su. Sa'a yanki ce na lokaci. Sa'a dace ce, mu ce wane ya taki sa'a. Sa'a kuma a Alƙur'ani suna ne na ranar da za a tsaya hisabi. Tambayarka ma igiyoyin nan uku ne aka tufka, aka ƙara ta huɗu, wuri, wannan taku ɗaya da ke tsakanin taga da tsakiya.

Me muke nufi in mun ce abu sa'a ne ko tsautsayi? Aristotal, masanin falsafa na Girka wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo misalin da har yau ban ga wanda ya fi shi fito da maganar fili ba. Mutum ya je kasuwa don wata buƙata tasa, sai ya yi kiciɓis da wanda yake bi bashi, ya karɓi kuɗinsa. Zuwansa yana da dalili, zuwan wancan ma yana da nasa. Haɗuwar ce kaɗai babu wanda ya shirya ta a cikinsu. Ɗora wannan a kan ranarku. Jirin ƙanenka yana da sababi a jikinsa. Tsayawar da kuka yi tana da dalili. Direban babbar motar akwai lokacin da ya taso, akwai gudun da yake yi, akwai abin da ya sa ya bar hannunsa. Kowane ɗaya sarƙa ce mai tsawo wadda za ka iya bi baya-baya har ka gaji. Babu inda sarƙar ta tsinke. Abin da kake kira sa'a shi ne mahaɗar da suka gamu, wadda kai da shi da direban babu wanda ya nufe ta. To daga cewa babu wani a cikinmu da ya nufa, zuwa cewa babu Wanda ya nufa gaba ɗaya, akwai tazara mai faɗi, kuma babu wani ɗakin gwaji da ya taɓa auna ta. Wanda ya tsallaka ta, da ra'ayinsa ya tsallaka, ko da rigar kimiyya ce a jikinsa.

Na san za ka ce maganar ta fi haka zurfi, kuma gaskiyarka. A 1814 Bafaranshen nan masanin lissafi Laplas ya ce da za a sami wani hankali da ya san matsayin kowane abu da ƙarfin da ke motsa shi, da babu abin da zai ɓuya masa, gobe za ta zama kamar jiya a idonsa. A wurinsa sa'a jahilcinmu ne kawai. Sai aka shiga shekarun 1920, ilimin kwantum, wato fiziks na ƙwayoyin zarra da abin da ya fi su ƙanƙanta, ya zo ya girgiza wannan. Ɗauki kabon-14, wani nau'in sinadarin kabon da ƙwayoyin zarrarsa suke ruɓewa da kansu. In ka ware ƙwayar zarra guda, babu masanin da zai iya gaya maka yaushe za ta ruɓe, ko yau ko bayan shekara dubu ashirin, kuma mafi yawan masana fannin suna ganin ba ƙarancin na'ura ba ne ya jawo haka. Amma in ka tara biliyoyinsu, rabinsu za su ruɓe cikin shekara 5,730, daidai har ana auna shekarun tsofaffin ƙasusuwa da takardu da wannan lissafi. Masanin fiziks Ainshtain bai taɓa sakin jiki da wannan ba, a wata wasiƙa ta 1926 ya ce shi ya tabbata Ubangiji ba ya caca, kuma har yau masana ba su gama sasantawa kan fassarar abin ba.

Ka lura da iyakar abin da wannan ya nuna. Ya nuna cewa halin da abu yake ciki ɗazu bai isa shi kaɗai ya yanke abin da zai faru yanzu ba. Malamin tauhidi ba zai razana da jin haka ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, wato 1111, ya riga ya ce in ka ga wuta ta taɓa auduga ta ƙone, abin da idonka ya shaida shi ne ƙonewa ta zo tare da taɓawa, bai shaida cewa wuta ce da ikon kanta ta aikata ba. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani mai zafi cewa wanda ya musanta sabubba ya rushe hankali da ilimi. Ni a nan na tsaya: sabubba gaskiya ne, sunnar Allah ce da ba ta canzawa, a kanta ake gina likitanci da injiniyanci, amma ba da ƙafarsu suke tsaye ba. Ba kuma ina ce maka fiziks ya tabbatar da Gazali ba ne. Ba na son a riƙa rataye aƙida a wuyan binciken da zai iya sauyawa gobe. Abin da nake so ka gani shi ne asalin kalmar ƙadar a Larabci gwargwado ne, awo. A Suratul Ƙamar Allah ya ce kowane abu ya halitta shi da gwargwado. Abin da yake kama da sakaka in ka dube shi ɗaya-ɗaya, ya kuma fito da awo in ka dubi tarinsa, bai yi karo da wannan aya ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: shari'a da kanta ta ba ƙuri'a gurbi. An yi ƙuri'a a jirgin da Annabi Yunus ya shiga, ta faɗa kansa. An jefa alƙaluma don a ga wanda zai riƙe Nana Maryam. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Amma an haramta kiban da Larabawan jahiliyya suke juyawa don neman sanin gaibu, an haramta caca. Bambancin yana da kyau ƙwarai. In hakkoki sun yi daidai, babu wanda ya fi wani, ƙuri'a tana cire son ran ɗan'adam daga hukunci, sai ta zama hanyar adalci. In kuwa aka mayar da ita bakin da zai faɗi gaibu, ko hanyar cin dukiyar wani, ta zama ɓata. Ke nan addini ya yarda cewa ta ɓangarenmu akwai abin da ba mu iya hangowa, kuma bai ce mu yi kamar muna hango shi ba.

Haka ma bai ce kowace haɗuwa saƙo ce da za mu iya karantawa ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi husufi. Mutane suka ce don mutuwarsa ne. Uba ne a cikin baƙin ciki, ga fassarar da za ta ɗaga darajarsa a idon jama'a, amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duk lokacin da na zo wannan hadisi nakan tsaya. Lissafi ma yana taimaka mana a nan: in mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Haɗuwa mai ban mamaki ta fi yawa fiye da yadda zuciya take zato. Saboda haka in wani ya zo ya ce maka ya san dalilin da ya sa aka ɗauki ƙanenka aka bar ka, ka sani ya faɗi abin da ba a sanar da shi ba. Imani da cewa akwai hikima daban, da'awar sanin hikimar daban.

Sai lokaci. Ka ce an rubuta “tun kafin a haife mu”, kuma ina jin nauyin tambayarka rabinsa a kan kalmar “kafin” yake. Hoton da ke zuciyarka shi ne na wani da ya zauna can baya a kan layin lokaci, ya tsara wasa, sannan ya sa ku ku taka. Wannan hoto ya sa Mahalicci a cikin lokaci tare da mu, alhali lokaci halitta ne. Agustin, malamin Kirista na Arewacin Afirka da ya mutu a 430, ya ce an halicci duniya ne tare da lokaci, babu wani lokaci da ya riga ta. Gazali ma ya tsaya a kan haka a muhawararsa da masu cewa duniya ba ta da farko. Kimiyyar da ka karanta ta zo ta nuna cewa ko a cikin halitta babu agogo guda da kowa yake bi. Taurarin ɗan'adam na GPS, da ke nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa, agogonsu yana riga namu da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana. Da ba a gyara wannan a lissafi ba, da kuskuren taswirar wayarka zai riƙa ƙaruwa da wajen kilomita 10 kullum. Matasan kogo sun yi shekara 309, suka farka suna cewa yini ɗaya suka yi ko wani sashe na yini. In lokaci yana miƙewa yana takurewa tsakanin halitta da halitta, ina ga Wanda ya halicce shi?

Hadisi ya tabbata a Muslim cewa an rubuta ƙaddarorin halitta shekara 50,000 kafin halittar sammai da ƙasa, kuma mun yi imani da shi. Amma alƙalami da allo halittu ne, su ne suke da “kafin”. Ilimin da aka rubuta daga gare shi ba ya jiran gobe ta zo, ba ya kuma tuna jiya kamar abin da ya wuce. Malamai suna cewa ilimi yana bayyana abu yadda yake, ba ya tilasta shi. Allah ya san za ka ba ƙanenka kujera, ya kuma san da zaɓinka da tausayinka za ka ba shi. Ya san direban zai bar hannunsa, ya san da sakacinsa zai bari. Zaɓin yana cikin abin da aka rubuta. Ban ce wannan ya warware komai ba. Yadda nufin Allah mai game komai yake haɗuwa da zaɓin bawa na gaskiya, magabata sun kira shi sirrin Allah a cikin halittarsa, kuma duk misalin da za a kawo maka, na mai kallo daga saman dutse ko na malamin da ya san ɗalibin da zai faɗi jarrabawa, gurgun misali ne, domin mai kallon da malamin ba su suka halicci abin da suke kallo ba. Abin da kowa ya sani da yaƙini shi ne bambancin hannun da ya ɗaga da kansa da hannun da yake karkarwa don zazzaɓi. A kan na farko ake hisabi.

Larabawan jahiliyya sukan ce babu mai halaka mu sai zamani, Suratul Jasiya ta kawo maganarsu ta ce zato kawai suke yi. Shi ya sa aka hana zagin zamani. Minti biyar ba su da hannu, ba su kashe kowa ba.

Maganar wuri ba za ta ɗauke mu da nisa ba. Ƙarshen Suratu Luƙman ya ce babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Tirmizi ya ruwaito cewa in Allah ya hukunta bawa zai mutu a wani wuri, sai ya sanya masa wata buƙata a can. Buƙatar ƙanenka iskar taga ce. Kana cewa kujerarka ce, amma ba a rubuta mutuwa a kan kujera ba, a kan rai aka rubuta ta. Bayan yaƙin Uhudu wasu sun ce da muna da ta cewa a lamarin da ba a kashe mu a nan ba, Alƙur'ani ya amsa cewa ko a cikin gidajenku kuke, waɗanda aka rubuta wa mutuwa sai sun fita zuwa inda za su kwanta. Kuma duk inda mutum ya tsaya, yanki kawai yake gani. Ranar da kake kallo a sama, yadda take minti takwas da suka wuce kake gani.

Yanzu ga inda ya fi ciwo. Ka ce ya fi ka kirki, ina adalcin. A ƙarƙashin wannan magana akwai wani zato da ba ka furta ba, cewa mutuwa da wuri horo ne, tsira kuma lada ce, don haka an yi kuskure wajen rabo. Suratul Fajri ta ɗauko wannan zato da kansa: mutum in an yalwata masa sai ya ce Ubangijina ya girmama ni, in an ƙuntata masa sai ya ce ya wulaƙanta ni. Amsar kalma ɗaya ce, kalla, wato a'a, ba haka ba ne. Dukansu biyu ayar ta kira su jarrabawa. Mafi alherin halitta 'ya'ya bakwai ya haifa, shida ya binne da ransa, Nana Faɗima kaɗai ta rayu bayansa, ita ma da wata shida. Da tsawon kwana sakamakon kirki ne, da ba a yi haka ba. Ba ka san wanne ne a cikinku aka sauƙaƙa wa ba. Shi an rufe littafinsa yana mutumin kirki bisa shaidarka, naka kuwa yana buɗe.

Malaman Musulunci sun yi gumi a kan wannan. Mu'utazilawa, waɗanda suke kiran kansu ma'abota adalci da tauhidi, sun ce wajibi ne Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa maslaha. Ana ruwaito cewa Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a 324 bayan Hijira, ya tambayi malaminsa al-Jubba'i game da 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma mumini, ɗaya ya girma kafiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Yaron ya ce, me ya sa ba a bar ni na girma na sami darajar yayana ba? Malamin ya ce za a ce masa an san in ya girma zai ɓata, don haka mutuwar ta fi masa. Ash'ari ya ce, to in na wuta ya ɗaga murya ya ce ni me ya sa ba a kashe ni ina yaro ba? Malamin ya rasa amsa. Darasin da nake ɗauka daga nan shi ne duk wanda ya ce zai zauna ya lissafa wa Allah dalilin rabon kowa, lissafin zai tsinke a hannunsa. Amma ba na son a tsaya a kan “mulkinsa ne, yana yin abin da ya so” kaɗai, kamar adalci kalma ce mara ciki. Shi da kansa ya ce a hadisi ƙudusi ya haramta wa kansa zalunci. Mutanen Imam Maturidi sun ƙarfafa cewa babu aikinsa da ya wofinta daga hikima, ko mun gan ta ko ba mu gani ba. Annabi Musa, mai magana da Allah, ya ga an huda jirgi, an kashe yaro, an gyara katangar marowata, ya kasa haƙuri sau uku, domin abin da ke bayan kowanne yana cikin wani lokaci da bai zo ba tukuna: sarkin da ke gaba, girman yaron, balagar marayu.

Wasu addinai, irin su Hindu da Buda, sun bi wata hanya, suka ce abin da ya same ka yanzu girbin abin da ka shuka ne a wata rayuwa da ta gabata. Na fahimci ƙishirwar da ta kai su can, ƙishirwar ganin lissafi ya daidaita. Amma farashinta ya yi tsada, domin ta mai da kowane mai wahala mai laifi, har jaririn da aka haifa da ciwo. Kuma wani nau'in wannan tunani yana shigowa bakinmu ba mu sani ba, duk sanda muka ga masifa ta faɗa wa mutum muka fara tambayar me ya yi.

To ina adalcin yake? A fahimtata, a ma'auni yake. Rabo bai zo daidai ba, kuma Alƙur'ani bai taɓa cewa ya zo daidai ba, cewa ya yi an fifita wasu a kan wasu a arziki. Abin da aka yi alkawari shi ne za a auna kowa da abin da aka ba shi. A 1976 wasu masana falsafa biyu, Banad Wiliyams da Tomas Nagel, sun tayar da wata matsala da har yau ake muhawara a kai. Direbobi biyu sun yi sakaci iri ɗaya, ɗaya yaro ya gitta masa ya take shi, ɗaya babu wanda ya gitta. Kotu da jama'a za su kira na farko mai kisa, na biyu ya koma gida ya yi barci, alhali sa'a ce kawai ta raba su. Kotun duniya ba ta da mafita daga wannan, domin sakamako take gani. Dubi yadda hadisai suka bi da shi. Manzon Allah ya ce dirhami ɗaya ya tsere wa dubu ɗari: mai dirhami biyu ya ba da ɗaya, mai dukiya mai yawa ya yago dubu ɗari daga gefenta. A tafiyar Tabuka ya ce akwai wasu mutane a Madina, ba ku yi wata tafiya ba, ba ku keta wani kwari ba, face suna tare da ku, uzuri ne ya tsare su. Wanda ya yi niyyar alheri bai samu ikon yi ba, an rubuta masa lada cikakke. Ka ga ana tace abin da dace ya kawo, na dukiya da na wuri da na dama, a bar abin da yake na mutum ne shi kansa. Shekarun da ƙanenka bai samu ba, ba za a tambaye shi su ba. Alherin da ya ƙudurta bai kai ga yi ba, muna kyautata zaton yana cikin ma'auninsa.

Kuma shari'ar ba a tashi daga zamanta ba tukuna. Suratul Anbiya ta ce za a kafa ma'aunan adalci, ko nauyin ƙwayar komayya ne za a zo da shi. A Muslim an ruwaito cewa za a mayar wa kowa hakkinsa har a rama wa tunkiya mara ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Suratu Ibrahim ta ce kada ka zaci Allah ya gafala daga abin da azzalumai suke yi, jinkirta musu yake. Wata bakwai a wurinka dogon zamani ne, kuma ban raina su ba. Amma wanda ya fita daga kotu ana tsakiyar sauraron shaidu, ba shi da damar cewa alƙali ya yi zalunci.

Sai dai a nan dole in yi magana da kakkausar murya, domin ina jin tsoron abin da ake nufi da “ƙaddara ce” da ake ta faɗa maka. In ana nufin ka samu natsuwa kan abin da ya wuce ba ya dawowa, gaskiya ne. In kuwa ana nufin a rufe maganar direban, wannan karkatar da addini ne. Ayar da ke Suratun Nisa'i ta yi hukunci a kan kisan kuskure kansa, wanda babu niyya a ciki: diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai in su suka yafe, da kaffarar 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Wanda ya saukar da wannan aya shi ne Wanda ya rubuta ƙaddara, kuma bai ga rubutun ya soke hakki ba. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma ba shi misalin mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya busasshe, duk wanda ya kai su da ƙaddara ya kai su. Malamai suna cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan masifa, ba a kafa ta a kan laifi. Neman hakkin ƙanenka ta hanyar doka bai ci karo da tawakkali ba, kuma direban da aka bari ba a tuhume shi ba gobe yana kan hanya tare da ƙannen wasu. Yafiya tana da lada babba, amma hakkin magada ce, kowannensu da kasonsa. Ba a yafewa a madadin uwa ba tare da an tambaye ta ba, kuma yafiyar da aka matsa wa mutum ya yi don kunya ko tsoro ba ita ayar take nufi ba.

Akwai abu ɗaya da ba ka rubuta ba amma na ji shi a kowane layi: kana tuhumar kanka. Manzon Allah ya ce in wani abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, domin “da” tana buɗe aikin Shaiɗan. Ka auna kanka da ma'aunin da muka ambata. Me ka sani a wannan minti? Ka san ƙanenka yana jin jiri. Me ka nufa? Ka nufa ya sha iska ya ji sauƙi. Abin da ke cikin littafinka ke nan daga wannan rana, yaya ya tashi ya ba ƙanensa wurinsa. Kuka kuwa ba laifi ba ne, Manzon Allah ya yi hawaye a kan Ibrahim ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. An kuma lissafa wanda gini ya danne da wanda ya nutse cikin shahidai, kuma malamai da dama na wannan zamani suna fatan wanda ya rasu a hatsarin mota ya shiga cikinsu.

In har yanzu hoton hatsarin yana dawo maka cikin barci, ko kana kasa shiga mota, ko ka daina cin abinci yadda ka saba, ka je ka ga likitan da ya san wannan fanni. Sanannen ciwo ne ga waɗanda suka tsira daga abin da ya ci wasu, kuma ana maganinsa. Sannan ka zauna da mahaifiyarku da sauran magada, kowa ya faɗi da bakinsa abin da yake so a yi game da direban, kafin wani ya sake cewa an kashe maganar.